Kafa Ɗaya Ta Zama Huɗu: Yadda Hob Ɗin Kwamfuta Yake Aiki Da Abin Da Mai Saye Zai Duba

Duk wanda ya sauko daga gadar Carter ya faɗa Idumota a tsibirin Ikko ya san kasuwa ce wadda da wuya a nemi abu a rasa, tun daga atamfa da magunguna har zuwa kayan lantarki. A shekarun 1990 titin Nnamdi Azikiwe ya yi suna ƙwarai wajen sarin kaset-kaset na bidiyo, daga bisani faya-fayan CD suka karɓe kasuwar. Yau kaset ya zama tarihi, faifai ma yana bin sawunsa, domin fim da waƙa da takardun ofis duk sun koma cikin filashi da katin mimori waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba. Waɗannan kuwa ta hanya ɗaya suke shiga kwamfuta, watau 'yar kafar nan mai kusurwa huɗu da ke gefenta, wadda ake kira USB.

Abin da ke damun jama'a shi ne kafofin ba su da yawa. Kwamfutar tafi-da-gidanka takan zo da biyu ko uku, wasu sababbi ma ɗaya tak, alhali kayan da ke neman shiga sun fi haka nesa. Domin maganin wannan ne aka ƙera wani ɗan akwati da 'yan kasuwa ke kira hob. Igiyarsa ɗaya ce wadda ake soka wa kwamfuta, a jikinsa kuma akwai kafofi huɗu, ko bakwai, ko ma goma. Ana samunsa wurin masu kayan lantarki a Idumota, da kasuwar Alaba a Ojo, da kuma Computer Village da ke titin Otigba a Ikeja. A Kano kuwa sai a nufi Farm Centre ko titin Beirut.

Wannan magana ta shafi Hausawa mazauna Ikko kai tsaye. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912 fataken goro suka kafa zango a Agege, ga shi yau cikin jikokinsu akwai masu shagon buga takardu, da masu tura fim da waƙa a mimori, da masu gyaran wayar salula. Haka abin yake a Idi-Araba da Obalende da Mile 12. Ga irin waɗannan mutane kwamfuta jari ce, wurin neman abinci. Idan kafarta ta ƙone, ko takardun wani suka salwanta a cikinta, asara ce ta kuɗi da ta mutunci. Hob yana iya kare su daga wannan, kuma yana iya jawo musu ita, ya danganta da irin wanda suka saya da yadda suka yi aiki da shi. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, hob kafofi yake ƙarawa. Hanyar da ke bayan kafofin da wutar da ke ratsa ta suna nan yadda suke, sai dai a raba.

Asalin Kafar USB

Waɗanda suka yi aiki da kwamfuta kafin 1996 suna iya tuna yadda bayanta yake. Firinta da tata kafa mai faɗi, kibod da tasa mai da'ira, linzami, watau maus, da tasa dabam, kuma ba wadda take karɓar kayan wata. Sau da yawa sai an kashe kwamfutar an sake kunnawa kafin ta san an haɗa mata sabon abu.

A tsakiyar shekarun 1990 sai manyan kamfanoni bakwai suka haɗa kai domin su fito da kafa guda wadda za ta ɗauki kome. Su ne Intel, Microsoft, IBM, Compaq, DEC, NEC da Nortel. Cikin injiniyoyin Intel da suka ja gaba a aikin akwai Ajay Bhatt, haifaffen ƙasar Indiya. An fito da ƙa'idar farko a watan Janairu na 1996, amma ba ta karɓu sosai ba sai a 1998, lokacin da aka gyara ta, kamfanin Apple kuma ya fito da kwamfutarsa iMac wadda ta yi watsi da tsofaffin kafofi ta kama USB.

Tun daga ranar farko masu ƙirar sun san kafa ɗaya ko biyu ba za su wadatar ba, saboda haka suka sa hob cikin tsarin. Hasali ma kafofin da ke jikin kwamfutar kanta daga wani hob suke fitowa wanda yake ciki, a kan babban allonta. Wanda ake saye a kasuwa reshe ne kawai da aka ɗora a kan wannan tushe.

Abin Da Ke Cikin Akwatin

Mutane da yawa sun ɗauka hob kamar istenshan ɗin wutar lantarki yake, watau waya ce aka rarraba gida huɗu. Ba haka ba ne. Idan aka fede igiyar USB ta asali za a tarar da sili huɗu. Ja da baƙi su ke ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 5, fari da kore kuwa su ke ɗauke da saƙo tsakanin kwamfuta da na'urar da aka haɗa. Ita wuta ana iya raba ta da waya zalla. Saƙo kuwa ba ya rabuwa haka, domin idan na'ura huɗu suka yi magana lokaci ɗaya a kan sili ɗaya, ba wadda za a ji.

Don haka ne a cikin kowane hob akwai ɗan ƙaramin baƙin guntu wanda masu gyara ke kira aisi. Shi ne ƙwaƙwalwar akwatin. Yawancin waɗanda ke kasuwa kamfanonin ƙasar Taiwan ne ke yin su, irin su Genesys Logic da VIA Labs da Terminus, sa'an nan masana'antu a ƙasar Sin, musamman a birnin Shenzhen, su harhaɗa su cikin roba ko ƙarfe su aiko. Aikin wannan aisi uku ne: ya lura da abin da aka soka ko aka zare, ya isar da saƙo sama da ƙasa, ya kuma kula da wutar da ke fita ta kafofin.

A wannan tsari kwamfuta ce mai gida. Ba na'urar da take buɗe baki sai an tambaye ta. Kamar malami ne yake kiran sunayen yara da safe, wanda aka kira shi kaɗai zai amsa, saura su yi shiru. Kwamfuta tana zagaya na'urorin nan da tambaya ɗaya bayan ɗaya, amma da sauri na ban mamaki, sau ɗaruruwa cikin sakan guda, shi ya sa mai aiki yake ganin kamar duk tare suke tafiya.

Yadda Ake Karɓar Baƙo

Ga abin da ke faruwa da zarar an soka filashi a hob. Da farko aisin zai ji ƙarfin wuta ya sauya a ɗaya daga cikin silin saƙo na wannan kafa, sai ya gane an yi baƙo. In kwamfuta ta zagayo kansa da tambaya sai ya shaida mata. Ita kuma sai ta umarce shi ya shirya kafar, sa'an nan ta tambayi baƙon ko shi wane ne, wane kamfani ya yi shi, mene ne aikinsa, kuma wuta nawa yake bukata. Tana ba shi lamba tasa ta kansa, wadda da ita za a riƙa kiransa har ya fita. Duk wannan kan ƙare cikin sakan ɗaya ko biyu, shi ne lokacin da ake jin ɗan sautin nan da kwamfuta ke yi.

Lambobin nan 127 ne, shi ya sa ake cewa tushe ɗaya yana iya ɗaukar na'ura 127. Sai dai shi kansa hob yana cin lamba ɗaya, kuma ƙa'ida ba ta yarda a jera hob fiye da biyar a bayan juna ba. Daɗin daɗawa, galibin masu kafa bakwai aisi biyu ne a cikinsu, ɗaya a bayan ɗaya, watau a idon kwamfuta hob biyu ne. Wanda ya jera irin waɗannan guda uku ya riga ya wuce iyaka bai sani ba, sai ya ga na ƙarshen ya ƙi aiki. Ita ma igiya tana da nata iyaka. A irin USB 2.0 ba a so ta wuce mita 5, kimanin ƙafa 16 ke nan, in ta fi haka saƙo yakan raunana a hanya.

Hanya Ɗaya Ce

Tituna da lunguna da dama ne ke fitowa daga cikin Idumota, amma duk motar da za ta haye zuwa Iddo ta wannan gefe tilas ta bi ta kan gadar Carter. Ko an ƙara tituna goma a cikin kasuwa, faɗin gadar bai ƙaru ba. To, igiyar da ta haɗa hob da kwamfuta ita ce gadar. Duk abin da kafofin huɗu ko bakwai za su aika, ta cikinta zai bi.

Faɗin wannan gada ya danganta da zamanin da aka yi ta. USB na 1996 da na 1998 iyakarsu megabit 12 a sakan. USB 2.0 da ya fito a shekarar 2000 ya kai megabit 480. USB 3.0 na 2008 ya kai 5,000, a 2013 aka ninka shi zuwa 10,000, USB4 na 2019 kuwa ya kai 40,000. Waɗannan lissafin takarda ne. A aikace USB 2.0 yakan ɗauki abin da bai wuce megabait 30 zuwa 40 ba a sakan, watau fim mai nauyin gigabait ɗaya zai ƙetare cikin kimanin rabin minti idan hanya tasa ce shi kaɗai. In huɗu ne suke tafiya tare, sai a raba musu, aikin ya kai wajen minti biyu. A tsohuwar hanya mai megabit 12 kuwa, fim ɗayan nan sai ya ci fiye da minti goma sha biyar.

Amma kada wannan ya tsorata kowa, domin ba kowace na'ura ce mai cin hanya ba. Kibod da linzami ɗan abin da suke aikawa bai taka kara ya karya ba, haka firinta da na'urar ɗaukar hoton yatsa ba su cika cinye hanya ba. Ko filashi ma, masu araha da yawa ba sa iya karɓar fiye da megabait 10 a sakan, saboda haka ana iya cika uku a lokaci guda a hob na USB 2.0 ba tare da an ga wani jinkiri ba. Masu cin hanya su ne babban faifan ajiya na waje da kyamara. Ita kyamara takan kama rabonta na hanya ta riƙe muddin tana kunne, shi ya sa wani lokaci in an sa biyu a hob ɗaya ta biyun takan ƙi tashi.

Wani abin lura kuma, sauri yana bin mafi rauni ne a cikin jerin. Filashi na USB 3.0 da kwamfuta mai USB 3.0, in aka ratsa tsakaninsu da hob na USB 2.0, duk sun koma tafiyar 2.0. Shi hob na USB 3.0 na gaskiya kamar hob biyu ne a akwati ɗaya, akwai ɓangaren masu sauri da na masu tafiyar da, don haka tsohon linzami ba ya rage wa sabon faifai gudu.

Maganar Wuta

Nan ne akasarin masu saye suke faɗawa rami. Hob iri biyu ne. Akwai wanda yake shan wuta daga jikin kwamfuta, akwai kuma mai adafta tasa wadda ake sokawa a soket na bango.

Bisa ƙa'ida, kafa ɗaya ta USB 2.0 tana ba da miliamfiya 500, watau wat biyu da rabi. Ta USB 3.0 tana ba da 900, wat huɗu da rabi ke nan. Hob marar adafta da wannan ɗan abin zai ci da kansa, ya kuma ciyar da duk waɗanda ke jikinsa. Lissafin da masu ƙira suka yi shi ne, daga cikin 500 ɗin nan hob ya ɗauki 100, kafofi huɗu kowace ta sami 100. Misalinsa famfo ɗaya ne a gidan haya aka yi masa baki huɗu. In mutum ɗaya ya buɗe, ruwa ya zo da ƙarfi. In duka huɗun suka buɗe, sai kowa ya ga ɗigo.

Miliamfiya 100 ta ishi kibod, ta ishi linzami. Amma babban faifan ajiya na waje, wanda yake da inji mai juyawa a ciki, a lokacin da zai tashi yakan nemi duk abin da kafa ɗaya take da shi, wani lokaci har fiye. In bai samu ba sai a ji yana ƙas-ƙas, ko ya bayyana ya ɓace, ya sake bayyana. Mafi muni shi ne ya ɓace ana tsakiyar rubuta masa abu. A nan ne takardun mutane da hotunan bikinsu suke lalacewa, wani lokaci ma kwamfuta ta ce ba ta san faifan ba sai an goge shi ƙaf. Mai shagon da ya yi wa abokin cinikinsa irin wannan ɓarna ya san ba a biyan ta da kuɗi.

Maganin wannan shi ne hob mai adafta. Amma shi ma sai an duba adaftar, domin ana rubuta ƙarfinta a jikinta. A ninka bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne wat. Adafta mai bolt 5 da amfiya 2 wat 10 ce, ita kuwa mai bolt 12 da amfiya 3 wat 36 ce. Hob mai kafa bakwai na USB 3.0, in za a cika wa kowace kafa haƙƙinta, yana bukatar sama da wat 31. Ke nan wanda aka haɗa masa adafta mai wat 10, kafa biyu kawai zai iya ciyarwa sosai, sauran biyar sai kayan marasa ci.

A nan akwai gargaɗi babba. Bakin adafta mai bolt 12 yakan yi kama da na mai bolt 5. Wanda ya ɗauki adaftar wata na'ura mai bolt 12 ya soka wa hob na bolt 5 yana iya ƙona hob ɗin, da duk abin da ke jikinsa, har ma wutar ta bi igiya ta taɓa kwamfuta. Kowane hob a bar shi da tasa, in ta ɓace a duba rubutun da ke jikin akwatin kafin a sayi wata.

Sai kuma halin wutarmu. NEPA ta zama PHCN a 2005, a 2013 aka sayar da rabon wuta ga kamfanoni, Eko ya ɗauki tsibiri har da Idumota, Ikeja ya ɗauki su Agege, amma har yau ba wanda ke da tabbacin wuta za ta kai shi ƙarshen aiki. In an ɗauke, kwamfutar tafi-da-gidanka za ta ci gaba da batirinta, shi kuwa hob mai adafta sai ya mutu nan take, ko ya koma lasar 'yar wutar kwamfuta wadda ba za ta ishi kayan da ke kansa ba. Saboda haka mai aiki da faifan ajiya ya kamata ya sa adaftar hob a kan UPS ko imbata, kuma ya dakatar da kwafi kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareta.

Amfaninsa

Amfani na farko a fili yake. A dubi teburin da ake rajistar lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN, wadda gwamnati ta wajabta haɗa ta da layin waya tun watan Disamba na 2020. Akwai na'urar ɗaukar yatsu, da kyamara, da firinta, ga linzami, wani lokaci ga modem na intanet, duk a kan kwamfuta mai kafa biyu ko uku. Haka teburin rajistar jarrabawar JAMB yake, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015. In ba hob, sai dai a riƙa zare wannan a soka wancan, jama'a na tsaye a layi.

Amfani na biyu ba kowa ya lura da shi ba, ga mai shago kuwa ya fi na farkon. Kafar USB tana tsufa. Ƙa'ida ta nemi irin babbar kafar nan ta jure sokawa da zarewa sau 1,500 a ƙalla. Mai tura waƙa da fim wanda yake karɓar filashi talatin a yini zai cika wannan adadi cikin kwana 50. Kafa mai kyau takan wuce haka nesa, amma ko ba jima ko ba daɗe za ta saki, ta fara rawa. Ita kuwa kafar kwamfuta a kan babban allon ciki aka liƙa ta da dalma, gyaranta sai an kwance kwamfutar duka, balle in ta hannu ce, watau tokumbo, wadda dama ta sha aiki a Turai ko Amurka kafin ta iso Apapa. In aka soka hob aka bar shi, shi zai riƙa shan wahalar. Ranar da ya gaji a sauya shi da kuɗi kaɗan.

Na uku, hob mai kyau yana da abin da ke yanke wuta idan wata na'ura ta ja fiye da kima, kamar yadda fis ke yi a gida. Filashin da ya lalace ko igiyar da ta haɗe a ciki sai abin ya tsaya a kan hob. Na huɗu, masu babbar kwamfuta ta tebur waɗanda kafofinta ke baya, hob yana kawo musu su gaba, su huta da durƙuso. Har ila yau wayoyin salula da yawa suna karɓar hob, mutum ya haɗa kibod da filashi ya yi rubutu kamar yana gaban kwamfuta.

Abin Da Ba Ya Yi

Hob ba caja ba ne. Wayar salula ta yanzu cajarta daga wat 10 take farawa zuwa sama, shi kuwa hob marar adafta wat biyu da rabi ko huɗu da rabi zai raba wa kowa. Mai sana'ar cajin waya abin da ya dace da shi shi ne caja mai baki da yawa wadda aka yi domin wannan aiki. Bayan haka, wayar da aka soka a hob an haɗa ta da kwamfuta ke nan, hanyar saƙo a buɗe take, wannan kuwa bai dace da wayar da aka ba mutum amana ba.

Hob ba ya haɗa kwamfuta biyu su yi magana da juna, domin gida ɗaya ba ya ɗaukar mai gida biyu. Kuma ba ya tace cutar kwamfuta, watau bairos. Duk abin da filashi ya ɗauko, mai kyau da mugu, haka zai wuce da shi. Cutar Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta lalata injuna a masana'antar nukiliya ta ƙasar Iran, ta filashi take yaɗuwa. Shagon da yake karɓar filashin kowa da kowa tilas ya sa maganin bairos, yana kuma sabunta shi.

Sabuwar Kafa

A 2014 aka fito da wata sabuwar kafa ƙarama mai suna USB-C, wadda ba ta da sama ba ta da ƙasa, duk yadda aka juya ta shiga take. An yi ta ta jure sokawa sau 10,000. A 2015 Apple ya fito da kwamfutar MacBook wadda irin wannan kafa ɗaya ce tak a jikinta, ta nan ake caji, ta nan ake kome. Tun daga 28 ga Disamba, 2024 kuma dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin wayoyin salula da ake sayarwa a can su zo da ita. Da yake kayan da aka yi wa Turai su ne ke gangarowa nan daga baya, kullum sai ƙara ganinta ake yi a kasuwanninmu.

Hob na wannan kafa yakan zo da abubuwa iri-iri: manyan kafofin USB, da wurin katin mimori, da na igiyar intanet, da HDMI na haɗa talabijin ko majigi, da kuma kafar da ake soka caja wuta ta ratsa ta cikinsa zuwa kwamfuta. Sai dai ba kowace kafar USB-C ce take fitar da hoto ba. Wasu kwamfutoci da wayoyi saƙo da caji kaɗai suke yi ta nan, in an haɗa talabijin ba za a ga kome ba, kuma laifin ba na hob ba ne. Shi ma hob yakan rage wani abu daga wutar caja domin kansa, don haka ƙaramar caja ba lalle ta ishi duka biyun ba.

Kafin A Biya Kuɗi

Mai saye ya fara lissafa kayan da zai soka. In kibod ne da linzami da firinta, wadda dama tana da tata wuta, ƙaramin hob marar adafta ya isa, ba sai ya kashe kuɗi a banza ba. In akwai faifan ajiya, ko kyamara, ko na'urar yatsu, ko filashi da yawa lokaci guda, ya nemi na USB 3.0 mai adafta. Faifan da ke ɗauke da muhimman takardu kuwa, in da hali, a ba shi kafar kwamfuta kai tsaye, sauran kaya su bi ta hob.

Kada shuɗin launi ya ruɗi kowa. Al'ada ce a yi harshen kafar USB 3.0 shuɗi, amma roba shuɗiya ba ta da tsada, kuma akwai masu sa ta a kayan USB 2.0. A haska tocila a leƙa ciki. Ta gaskiya tana da haƙora tara, huɗu a jere ɗaya, biyar a ɗaya jeren. Mai huɗu kaɗai tsohuwa ce ko me aka rubuta a kwali. A duba igiya ta zama gajera mai kauri, domin siririya tana shanye wuta a hanya. In hob mai adafta ne, a soka adaftar, a kashe kwamfuta, a duba: idan wata fitila ko fankar kwamfutar ta ci gaba da motsi, hob ɗin yana mayar mata da wuta baya, a ajiye shi a nemi wani.

Wanda ke aiki da linzami ko kibod marar igiya ya nisanta ɗan makunninsa daga kafar USB 3.0. Kamfanin Intel ya fitar da rahoto a 2012 wanda ya nuna irin wannan kafa tana iya dagula saƙon waɗannan kaya, har linzami ya riƙa tsalle.

Abu na ƙarshe shi ne gwaji. A je kasuwa da kwamfuta da filashi mai ɗauke da babban fim, a gwada kowace kafa ɗaya bayan ɗaya a gaban mai kaya, a duba agogo, sa'an nan a cika kafofin duka a ga ko wani zai ɓace. Ɗan kasuwa na kirki ba zai hana ba. A karɓi rasit mai sunan shago da lambarsa, domin mai talla a bakin titi gobe ba lalle a same shi a wurin ba. Bayan an kai gida kuma a riƙe al'adar sallamar filashi daga cikin kwamfuta kafin a zare shi. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi mafi arahar hob ya ɗora masa faifan da ke ɗauke da aikin shekara guda, shi ma ya san abin da ya saya.